Katin da Kaboji za ta iya ɗauka

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun nan zai ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Tun da labari ya zagaya hostel cewa na kwance tsohuwar kwamfutata na yi mata ƙari har tana ɗaukar gem, kusan kullum sai wani ya tare ni, ko bayan sallar Isha'i ko wurin mai shayi: "Malam, wane kati zan saya? RAM nawa zan ƙara?" Wasu ma sun riga sun kalli bidiyo goma a YouTube, sun zo da sunan kati a bakinsu, so kawai suke in ce eh. To bari in amsa sau ɗaya a nan in huta. Sai dai ba zan iya amsawa ba sai na faɗi inda kwamfutar take da abin da ya kai ta can, don amsar tana canjawa da garin da za a kunna ta. Tawa ba ta Minna. Tana gida Kaboji, a ƙasar Kontagora, a hannun autanmu.

Ita kwamfutar ba wani abin a zo a gani ba ce. Dell OptiPlex 7010 ce mai dogon akwati, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke gamawa da su a lodo su a kwantena zuwa Legas, mu kuma mu saya da sunan 'yar Beljiyam. Da alawus ɗin bautar ƙasa na saye ta. Furosesarta i5-3470 ce, fitowar 2012, RAM 4GB, had-dis 500GB mai gurnani kamar injin markaɗe in ta yi zafi. Ba ta da katin hoto na kanta, furosesar ce ke ɗan taɓa aikin zanen, shi ya sa ko tsohon PES ka sa mata sai ka ga 'yan wasa suna tafiya kamar sun sha maganin mura. Amma ta yi mini rana. Da ita na fara koyon haɗa taswira, da ita na yi zangon farko na masta, kafin Allah ya hore mini laftof ta koma ƙarƙashin gado tana shan ƙura.

Autanmu ya zauna JAMB sau biyu bai samu makin da ake nema ba. Yaron ba daƙiƙi ba ne, wallahi ya fi ni lissafi lokacin da nake shekarunsa. Amma kun san tun 2015 gaba ɗaya jarrabawar nan a kwamfuta ake yin ta, shi kuwa ban da waya babu abin da ya saba latsawa. An ce da maɓallai takwas kacal za ka iya gama jarrabawar, gaskiya ne, amma wanda ya faɗi haka bai ga yaron ƙauye da aka zaunar gaban allo karo na farko agogo yana gudu a samansa ba. Ya ce mini rabin hankalinsa yana kan tambaya, rabi yana kan tsoron kada ya taɓa wani abu komai ya goge.

Bayan na biyun sai ya yi sanyi. Gonarmu ta nesa kuma, saboda halin tsaron da duk ɗan yankinmu ya sani, ba kullum ake zuwa ba, don haka aikin da zai cinye masa yini ya ragu. Wata rana Inna ta sa aka kira mata ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Ƙanenka fa ya fara zaman tasha, kuma kuɗi ba ya kwana a hannunsa." Da na bincika, ashe cacar ƙwallo ce a waya. Ɗari biyu yau, ɗari biyar gobe, har ta kai ya taɓa kuɗin waken da aka aike shi ya karɓo. Duk wanda ke da ƙane a gida ya san irin faɗuwar gaban da nake nufi.

Na san wa'azi daga Minna ta waya ba zai yi komai ba. Abin da na sani game da shi shi ne yana son ƙwallo kamar ransa, kuma in ya samu gidan gem a Kontagora sai an janye shi. Sai na ce to, bari a shigo masa ta ƙofar da yake so. In gyara tsohuwar nan ta ɗauki gem, ya riƙa karɓar kuɗin wasa da yamma, da safe kuma ya zauna a kanta ya yi atisayen jarrabawa har hannunsa ya saba.

Baba bai ji daɗin maganar ba ko kaɗan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yanzu kai duk bokon nan da kake yi, abin da ka ga ya dace ka kawo mini gida shi ne gidan wasa?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wasan yana nan ko mun kawo ko ba mu kawo ba. Gara wanda idonka ke kai." Ya ce, "Yaran mutane fa? Su sato kuɗin iyayensu su kawo wa ɗana?" Nan kam ban da amsa a take, kuma har yau ina ganin tambayarsa tana kan hanya. Mu da muka taso muna leƙa gidajen gem mun san abin da ke faruwa a wasunsu: yaro da kayan makaranta ƙarfe goma na safe, musu ya koma zagi, zagi ya koma a sa kuɗi. Sai da Kawu ya sa baki, sannan Baba ya yarda bisa sharaɗi. Ana kiran salla a kashe. Ba mai shiga da kayan makaranta, ba mai shiga lokacin Islamiyya. Ba a sa ko sisi a kan wasa. Da safe karatu. Ranar da aka karya ɗaya, kwamfuta ta hau motar Minna. Autan yana durƙushe a gefe ya ce ya ji ya yarda.

Kuɗin da zan yi aikin da shi kuwa, abin da na tara ne don zirga-zirgar tattara bayanan bincikena. Ka ga ke nan ba ni da damar sayen abu sau biyu. Yanzu ga amsar tambayarku.

Kafin ka kashe ko kwabo, cire wuta, buɗe murfin gefe, haska fitilar waya, ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak, wato akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke raba wa kayan ciki wuta. Lambar da ke jiki ita ce iyakar gonarka. Nawa wat 275 ne, kuma babu wayar nan mai baki shida ko takwas da manyan katuna ke sha ta ciki. Ƙananan akwatuna na wannan samfurin ma wat 240 ne, kuma kati sai ɗan siriri yake shiga. Shi ramin da ake soka katin a jikin bod, iyakar wutar da aka tsara ya bayar wat 75 ce. Ma'ana duk katin da ya fi haka ci, ba naka ba ne, ko da kyauta aka ba ka.

Wani abokin karatunmu bai tsaya karanta wannan takardar ba. Ya samu RX 580 mai 8GB da araha. Irin waɗannan sun cika kasuwa tun da aka daina haƙar Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, masu haƙar suka zubar da kayansu bayan sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Katin yana da ƙarfi, ba ƙarya, amma wat 185 yake ci. Da ya ga babu wayar da zai jona, mai shago ya ba shi wata 'yar waya da ake haɗawa da ta had-dis. Ta kunna lafiya, ya yi murna, ya kira mu kallo. Ba a gama wasa na biyu ba allo ya yi baƙi, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba. Fawa-fak ya tafi, ya ja bod. Allah ya taimake shi had-dis ɗin da babi uku na aikinsa ke ciki ya tsira.

Wani zai ce ai sai a canja fawa-fak ɗin. Ana yi. A 7010 ma da sauƙi, don bakin wayarsa irin na gama-gari ne mai 24. Amma daga 7020 da 9020 kamfanin ya koma wani baki nasa mai takwas, HP ma da yawa haka suke, sai ka nemi mahaɗi. Kuma in ka canja fawa-fak ka sa babban kati, furosesar 2012 ba za ta iya ciyar da shi ba, kati zai zauna yana jiranta. Ka saya wa jaki sirdin doki ke nan. Masu bidiyon da kuke kallo, wutarsu ba ta motsi, kuma in abu ya ƙone musu su mayar a canja musu. Mu wa za mu mayar wa?

RAM na fara saya, kuma shi nake ba kowa shawara ya fara da shi. 4GB a yau Windows da Chrome kaɗai sun cinye. 8GB shi ne mafi ƙaranci, 16GB kuma ka huta. Amma RAM ba kamar memorin waya ba ne da kowanne ke shiga ko'ina. Tawa DDR3 take ɗauka. DDR4 ba zai shiga ba, tsagin da ke ƙasansa ma ba wuri ɗaya yake ba, kuma in ka ga sai ka danna da ƙarfi to tsaya, ba nata ba ne. Karanta 'yar takardar jikinsa. Za ka ga wani abu kamar PC3-12800 sannan harafi ɗaya. In U ne, na irin kwamfutarmu ne. In S ne, na laftof ne, gajere. In R ne, na manyan kwamfutocin kamfanoni ne, kuma shi ne tarkon: ya fi araha, ya shiga ramin daidai, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. Sayi biyu iri ɗaya, 8 da 8, ka sa su a ramuka masu launi ɗaya, sun fi guda ɗaya mai 16 sauri saboda hanya biyu suke bi lokaci guda. Sannan ka duba Windows ɗinka. In mai 32 ce, ko RAM ɗin duniya ka zuba mata ba za ta yi amfani da abin da ya wuce wajen 4GB ba.

SSD kuwa ba sai na ja magana ba. Ba ya ƙara wa gem gudu a cikin fili, amma kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta farka sai ta koma sakan ashirin. A wurin da wuta kan yanke ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sa 256GB don Windows, tsohon had-dis ya zama rumbu.

Sai kati, inda aka fi cin kuɗin ɗalibai. Abin da na fi so ku riƙe: yawan GB ɗin da aka rubuta a kwali ba shi ne ƙarfin kati ba. Za a nuna maka GT 710 ko GT 730, a ce "wannan fo gig ne, Alhaji." Girman rumbu daban, ƙarfin manomi daban. Waɗannan katunan an yi su ne don su fitar da hoto a allo, ba don gem ba. GT 1030 yana da ɗan dama, amma iri biyu ne da suna ɗaya: mai GDDR5, da mai DDR4 da aka fitar daga baya wanda bai fi rabin ƙarfin na farkon da yawa ba, kuma kwalin ba ya ɗaga murya a kan bambancin. Waɗanda suka dace da irin akwatina uku ne: GTX 750 Ti na 2014 mai cin wat 60, GTX 1050 Ti na 2016, da GTX 1650 na 2019, biyun nan wat 75. Na ƙarshen ya fi, in aljihu ya kai, amma a duba, don wasu samfuransa suna neman wayar nan mai baki shida. Ni aljihuna a 1050 Ti ya tsaya. Kada ku manta duk kayan nan da dala ake shigo da su, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Katin da ya shekara tara a duniya har yanzu sai ka yi gumi.

Shagon farko da na shiga, mutumin ya fito mini da 1050 Ti sabo dal a leda, kwali yana sheƙi, kuɗinsa kuma bai kai na tsoho ba. Na juya bayansa sai ga bakin VGA, shuɗin nan mai ƙusoshi biyu. Nan na ajiye. 1050 Ti na gaskiya ba ya zuwa da wannan bakin, kamfanin ya daina sa shi a katunan wannan zubin. Abin da ake yi shi ne a ɗauko tsohon kati na wajen 2010, irin su GTS 450, a sake masa rubutun ciki ta yadda in ka soka shi Windows za ta kira shi da sabon suna. Zai kunna, zai nuna hoto, har direba zai karɓa wani lokaci. Sai ka buɗe gem mai nauyi ya fara tsalle ko ya rufe kansa. Na ce wa mai shagon, "Maigida, a gwada mini shi da GPU-Z." Wata 'yar manhaja ce ta kyauta da ke karanta asalin abin da ke cikin kati, kuma irin waɗannan na bogi tana yawan rubuta musu tambarin bogi ƙarara. Ya ce ba wuta. Na ce zan jira. Ya ce yaron da ke gwaji ya fita. Na yi masa sai an jima. Ban ma tabbatar shi kansa ya san abin da yake sayarwa ba, watakila shi ma haka aka haɗo masa daga sama.

Wanda na saya daga baya tsoho ne, fankarsa har ta dafe. Na je da akwatina niƙi-niƙi a kan acaɓa, aka soka a gabana, na duba shi da manhajar, muka sa gem ya yi rabin awa ina kallon zafinsa ina sauraren fanka. Mai shagon yana ta dariya wai bai taɓa ganin mai saye da naci irina ba. Ba a cinikin biri a sama, balle da kuɗin bincike.

Me take ɗauka yanzu? PES 2021 sumul. GTA V lafiya lau in ba ka ƙure mata saiti ba. eFootball ma tana yi. Abin da ba ta yi shi ne sabbin nan da suka gaji FIFA. Su kansu masu FC 24 sun rubuta cewa 1050 Ti shi ne mafi ƙanƙantar katin da suka yarda da shi, furosesa kuma i5-6600K, wadda tawa ta girme ta da zubi uku. Na gaya wa autan tun farko kada ya yi wa kowa alƙawarinsa. Yaran Kaboji dai ba su yi zanga-zanga ba. In akwai Barcelona da Madrid da hannu biyu masu lafiya, magana ta ƙare.

Amma abin da ya yanke hukuncin katin nan a zahiri ba ya cikin akwatin ma. Wuta ce. Abin dariya abin takaici, jiharmu ce ke da Kainji da Jebba da Shiroro, ga Zungeru ta zo da megawat 700, duk mai zuwa Kontagora daga Minna ta garin yake ratsawa. Amma a wajenmu duk mai sana'ar da ke son wuta, da janareta ko sola yake tunani. Janareta kuwa, man da bai kai naira 200 ba a farashin hukuma kafin 29 ga Mayun 2023 ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ka lissafa wasa nawa za a buga kafin a mayar da kuɗin lita ɗaya. Ga shi ƙananan janaretocin nan wutarsu hawa da sauka take yi, kwamfuta kuma ba ta son haka.

Sai muka haɗa kai da wani maƙwabcinmu mai cajin waya, yana da sola da batir ɗaya babba, ya ba autan lungu a shagonsa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Abin naku nawa yake sha?" Muka zauna da biro. Furosesa wat 77 in ta ƙure, kati 75, sauran tarkace a ce 30, talabijin a ce 50. Wajen 230 ke nan. Awa biyar na yamma zuwa dare, 1,150. Batirinsa mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe 2,400 a lissafi, amma irin wannan batirin in kana son ya yi rai ba ka shan fiye da rabi, wato 1,200. Ka ga da ƙyar muka shige, shi ma don ba kullum kayan ke ƙurewa ba, kuma farkon yamma rana tana taimakawa. Da RX 580 na sa, lissafin zai tashi wajen 1,700, sai an sayi batir na biyu, wanda kuɗinsa ya fi na kwamfutar da duk abin da ke cikinta. Babu mai bidiyon YouTube da zai yi maka wannan lissafin, don bai san akwai garin da batirin mai caji ne ke zaɓa wa mutum katin hoto ba.

Ƙura ma haka. Da hunturu ya shigo, sati biyu ya isa fankar kati ta yi gashi. Na sa ya ɗora akwatin a kan benci ba a ƙasa ba, ya riƙa rufe shi da zane in an tashi, duk ranar Juma'a da safe ya buɗe ya hure. Kafin zafin Maris da Afrilu na goge busasshen man da ke kan furosesa na shafa sabo, don wanda ke kai tun daga Turai ya zama kamar busasshiyar ƙasa.

In ce muku ana samun kuɗi sosai? A'a. Bayan an ba mai caji nasa, an cire na gyaran hannu, don yara suna cin hannun gem kamar gyaɗa, abin da ke saura na sabulu ne da kati da ɗan abin da yake miƙa wa Inna. Kuma in gidan gem zalla kake son buɗewa, kada ka wahalar da kanka, nemi PS4 ɗinka tsohuwa, ba direba, ba bairos, ba Windows da za ta tsaya sabunta kanta ana tsakiyar wasa. Masu cewa yaranmu za su zama attajirai da gasar gem ta duniya kuma, ni dai ban ga hanyar daga Kaboji ba tukuna, da wannan intanet ɗin namu. Na zaɓi kwamfuta ne don tana da fuska biyu. PS4 ba ta koya wa kowa riƙe maus.

Fuskar safiyar ce ma ta ba ni mamaki. Na sa masa manhajar atisayen jarrabawa da ba ta buƙatar intanet, da wata ta koyon buga rubutu. Bai yi wata ba abokansa biyu suka ce su ma za su riƙa zuwa, su biya. Sai wani aminin Baba ya zo da maganar 'yarsa, ita ma za ta zauna jarrabawar. Mace kuwa ba za ta shiga shagon caji cikin samari ba, kowa ya sani. Sai ga Baba da kansa, mutumin da ya kira abin gidan wasa, yana cewa a riƙa kawo kwamfutar zaure ranar Asabar da Lahadi da safe, a jawo waya. Yanzu 'yan mata uku ke zuwa, Inna tana daga ciki tana jin motsinsu. Shi dai har gobe bai taɓa cewa na yi daidai ba. Abin da kawai yake tambayata in mun yi waya shi ne, "Injin naku ba ya son wani abu?"

Sharaɗin ya taɓa girgiza sau ɗaya. Wasu samari biyu suka sa kuɗi a ɓoye a kan wasa, rigima ta tashi, magana ta kai kunnen Baba. Ya sa aka rufe kwana bakwai cur, kwamfutar tana ɗakinsa an lulluɓe ta da darduma. Autan ya kira ni kamar zai yi kuka, na ce ba ruwana, kai ka ce ka ji ka yarda. Da aka buɗe, shi da kansa ya hana yaran nan biyu sake zama a bencin. Game da tasa cacar, abin da zan iya faɗa shi ne Inna ta daina kirana a kan kuɗi, kuma mutumin da yake lissafin canjin naira hamsin har dare ya fara jin zafin ɗari biyar.

Ranar da na san aikin ya kama shi kuwa, ina ɗakin karatu ya kira: "Yaya, ta ƙi tashi, fanka tana juyawa amma allo baƙi." Kafin in buɗe baki ya ce ya riga ya zare RAM ɗin duka biyu, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar ɗaya bayan ɗaya, ta tashi. Kira ya yi kawai ya gaya mini. Yaron da ke tsoron taɓa maɓalli kada komai ya goge.

Kada in ɓoye muku, kwanakin irin wannan kwamfutar ƙidayayyu ne. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ta gama-gari tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesar da ta gaza zubi na takwas, tawa ta uku ce. Nvidia ma ta daina fitar wa zubin su 1050 Ti sabbin direbobin gem. Tsofaffin wasannin za su ci gaba da yi, atisayen jarrabawa ma haka, amma na hana shi shiga banki ko ajiye wani abu mai muhimmanci a kanta, intanet ma sai da dalili. Saboda haka duk wanda zai zuba kuɗi a irinta, ya zuba daidai abin da zai iya mayarwa cikin shekara biyu, kada ya wuce. Wanda kuma laftof gare shi, ya sani yawancinsu RAM da SSD kaɗai ake iya ƙara musu, katin a manne yake da bod, duk wanda ya ce zai canja maka shi a kasuwa ka riƙe jakarka.

Shekaranjiya autan ya turo mini hoto. Wata tsohuwar HP ce ya zaƙulo a shagon Kawu na Kontagora, ta shekara uku a ƙarƙashin tebur, wai yana so ya tashe ta don 'yan atisaye sun yi yawa, layi ake yi ranar Asabar. Na ce ya fara karanto mini lambar fawa-fak. Ya ce ai ya karanta, 240 ne, kuma wannan ba ta buƙatar kati tunda ba gem za ta yi ba, RAM kawai yake nema. Don haka duk wanda ke da DDR3 mai U a ƙarshe, 4GB ko 8GB, yana kwance a akwati ba ya amfani da shi, ya yi mini magana ta inbos mu daidaita. Ina Minna har ƙarshen wata, daga nan zan leƙa gida kafin a fara rajistar JAMB.